Tsatsar Ganganci: Gaskiya da Ƙarya a Aikin Ƙaramin Layin Dogo

Gina ƙaramin layin dogo na kwaikwayo aikin nishaɗi ne da ya yi ƙarfi a Ingila da Jamus da Amurka da Japan. Mai yin sa yakan ware tebur, ko ɗaki guda, ko ɗakin ƙarƙashin gidansa gaba ɗaya, ya shimfiɗa siririn dogo, ya ɗora jiragen da ke tafiya da lantarki, sannan ya kewaye su da duwatsu da gonaki da gadoji da tashoshi da gidaje, kowanne an rage girmansa bisa ma'auni ɗaya. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna tsarin dogo mai daidaitaccen faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. A wancan lokaci abin na yara ne, jirgi mai ƙyalli yana ta zagaye a tsakar falo. A ƙarni na 20 manya suka karɓe shi, suka mai da shi ƙoƙarin nuna duniya yadda take. Daga nan wata al'ada ta taso wadda ke ba baƙo mamaki. Mutum zai sayi tarago sabo fil da kuɗi mai tsoka, ya fito da shi daga kwali, ya zauna da buroshi yana shafa masa tsatsa da ƙura da baƙin mai, har sai ya koma kamar wanda ya shekara 30 yana dakon kwal. In an tambaye shi dalili, sai ya ce sabon bai yi kama da na gaske ba.

Amsar gajeriya ce, amma tana ɗauke da tambayar da masana falsafa suka daɗe suna kai kawo a kanta. Sabuntar taragon gaskiya ce, domin jiya aka ƙera shi. Tsatsar da ke jikinsa fenti ce, domin roba ba ta tsatsa. To ta yaya abin da aka ƙirƙira da gangan zai fi abin da yake haƙiƙa kusa da gaskiya? Kafin a taɓa tambayar, sai an san yadda aikin yake.

Abin da ma'auni yake tilastawa

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.74 yakan dawo santimita 2. A Ingila an fi amfani da OO, wanda ke rage abu sau 76, akwai kuma N mai rage shi sau 160, da Z mai rage shi sau 220, wanda Märklin ya fito da shi a 1972. Lissafin yana da sauƙi, sakamakonsa ne mai wuya. Kilomita ɗaya na dogo a ma'aunin HO yana bukatar kusan mita 11 da rabi. Ba kowane gida ke da irin wannan fili ba, balle na tazarar da ke tsakanin gari da gari. Saboda haka magini yakan matse abubuwa da zaɓi. Masana'anta mai taga 20 sai ya bar mata 8. Dandamalin tasha sai ya rage shi da rabi. Kwanar da jirgin gaske ba zai iya sha ba sai ya ɓoye ta a cikin dutse. Gidajen da ke can baya yakan yi su da ma'auni mafi ƙanƙanta don ido ya ɗauka nesa suke.

Har dogon kansa bai tsira ba. Faɗin mafi yawan dogon Turai na gaske milimita 1,435 ne, wanda a ma'aunin HO ya zama milimita 16.5 daidai. Masu OO na Ingila suna amfani da wannan dogo ɗin duk da cewa jiragensu sun fi girma, alhali lissafi ya nuna kamata ya yi faɗinsa ya kai milimita 18.83. Asalin abin shi ne jiragen Ingila na gaske ƙanana ne, injinan lantarkin farko kuma ba sa shiga cikinsu in an rage su sau 87. Wasu magina sun ƙi yarda da wannan sassauci, suka kafa ƙungiyoyi masu harhaɗa dogonsu da hannu a kan faɗin da ya dace. Amma su ma ba su da mita 11 ga kowace kilomita. Babu wanda ya kuɓuta daga ragi, bambancin kawai shi ne inda kowa ya zaɓi ya yi shi.

Ƙasa, ciyawa da ruwa

Ana fara ginin ƙasa da allon katako. A kansa ake jera yankakken soso mai tauri, irin wanda ake sa wa bango don tare sanyi, a sassaƙe shi da wuƙa ya ba da tudu da kwari, a rufe da ƙyalle mai filasta. Duwatsu kuwa ana zuba filasta ne a cikin mazubin roba da aka ɗauko siffarsa daga jikin dutse na gaske ko dunƙulen kwal. Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo ana barbaɗa ta a bushe, a daidaita ta da buroshi, sannan a ɗiga mata farin gam da aka tsinka da ruwa. Sai an sa ɗigon sabulun wanke kwanuka a ciki, in ba haka ba ruwan zai dunƙule a saman tsakuwar ya kwashe ta maimakon ya ratsa. Ciyawa gajerun zaruruwa ne da ake kaɗawa ta cikin wata rariya mai cajin lantarki, sai su faɗa kan gam a tsaye. Bishiya ana murɗa ta da siraran wayoyi. Kogi kuma ba a yin sa da ruwa, domin ruwa ba ya raguwa sau 87, igiyarsa da ɗigonsa suna nan da girmansu. Ana fentin gindin kogin da duhu a tsakiya da haske a gefe, a zuba wani ruwan roba da ke daskarewa garau kamar gilashi. A nan ruwan gaske ne zai tona asirin aikin, na ƙarya shi ke kama da kogi.

Launi ma haka yake. Wanda ya tsaya mita ɗaya daga tarago na HO tamkar ya tsaya mita 87 ne daga na gaske. A irin wannan tazara iska da hazo sun riga sun disashe launi, baƙi ya koma toka-toka, ja ya yi sanyi, ƙyalli ya ɓace. In aka shafa wa ƙaramin tarago ainihin fentin da kamfanin jirgin ke amfani da shi, zai yi kauri a ido. Sai an sirka shi da ɗan fari ko ruwan toka kafin ya zauna daidai.

Sanya tsufa

Dabarun tsufar da samfuri ba su da yawa. Akwai wanki, wato fenti ko tawada da aka tsinka sosai, a shafa a bar shi ya gangara cikin tsagogi ya fito da layin bulo da kan ƙusa. Akwai busasshen buroshi, inda ake tsoma shi a fenti mai haske, a goge kusan duka a jikin tsumma, sannan a shafa sama-sama don gefuna su yi alamar gogewa. Akwai garin alli mai launin ƙasa da na tsatsa da na toka. Akwai feshi da ƙaramar bindigar fenti. Akwai kuma dabarar gishiri: a yi wa samfurin shimfiɗar launin tsatsa, a jiƙa, a barbaɗa gishiri, a fesa fentin sama, in ya bushe a kankare gishirin, sai tsatsa ta leƙo ta inda fenti ya ɓare. A ƙarshe ana fesa wani ruwa marar ƙyalli don ya riƙe garin.

Duk wannan ana iya koyonsa cikin ɗan lokaci. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda kowace alama take zama da dalilinta. Tsatsa tana farawa daga kan ƙusa ko inda ruwa ke kwanciya, ta bi hanyar ruwan sama zuwa ƙasa. Kunkunniya tana taruwa a saman taragu da goshin ramin da jirgi ke shiga cikin dutse, daidai saitin bututun hayaƙi. Baƙin mai yana ɗiga tsakanin dogo biyu a inda kan jirgi ke tsayawa. Ƙurar birki tana mai da ƙafafun tarago ruwan ƙasa. Jikin tukunyar jirgin tururi yakan yi farin zane a inda ruwa mai gishirin ƙasa ya zubo ya bushe. Gansakuka tana bin bangon da rana ba ta duka, fenti yana koɗewa a bangon da take duka. Ƙofar sito tana yin duhu a saitin hannu. Saman dogon da jirgi ke bi kullum yana walƙiya, gefensa kuwa ja ne. Kowace alama bayan wani abu take, kamar zanen da igiyar guga ke bari a bakin rijiya, wanda ke nuna ta ina ake jan ruwa da kuma daɗewar da aka yi ana ja.

Shi ya sa dokar farko a wurin gwanaye ita ce a yi aiki da hoton abu na gaske a gaba, kada a kwaikwayi samfurin wani. Tsufa ma yana da gari. Na arewacin Ingila hayaƙin kwal ne da danshi. Na hamadar Amurka rana ce da ƙura. Wanda zai gina tashar Kano, inda dogo ya iso a 1911, jan ƙura da hazon hunturu zai nema, gansakuka ba ta da wuri a bangonsa sai da damina.

Mutumin da aka fi danganta yaɗuwar wannan al'ada da shi shi ne John Allen, ɗan Amurka mai sana'ar ɗaukar hoto, wanda aka haifa a 1913. A ƙarshen shekarun 1940 mujallun sana'ar suka fara buga hotunan aikinsa, ciki har da wata rumfar kawunan jirgi mai koɗaɗɗen katako da tattabaru a kan rufi. A gidansa da ke Monterey a Kalifoniya ya gina layin da ya sa wa suna Gorre and Daphetid, mai duwatsun da suka tashi daga daɓe har kusa da rufi, da madubai da ya ɓoye don titi ya yi kamar ya zarce. Idon mai hoto ne ya gane cewa kyamara ba ta ruɗuwa da sabon fenti.

Tuhumar Aflatun da amsar Aristotal

A kashi na 10 na littafinsa Jamhuriya, masanin falsafa Aflatun ya kawo misalin gado. Akwai ainihin siffar gado wadda ba ta canzawa, akwai gadon da kafinta ya ƙera yana koyi da ita, akwai kuma hoton gado da mai zane ya yi yana koyi da kafinta. A ganinsa mai zane yana mataki na uku daga gaskiya, yana kama zahiri ne kawai daga gefe ɗaya, ba sai ya san komai game da kafinta ba. In aka bi wannan hukunci, mai tsufar da tarago ya fi mai zane nisa. Bai tsaya ga kwaikwayon abu ba, ya zaɓi ya kwaikwayi lalacewarsa, wato abin da ke ƙara raba shi da cikakkiyar siffarsa.

Sai dai tuhumar ta dogara ne a kan cewa mai kwaikwayo jahilin abin da yake kwaikwayo ne, a nan kuma take da rauni. Ba zai yiwu mutum ya sa farin zane a inda ya dace a jikin tukunyar jirgi ba sai ya san ta ina ruwa ke fita. Ba zai sa baƙin mai daidai ba sai ya san inda direba ke tsayawa jiran sigina. Wanda bai sani ba, aikinsa yakan fito kamar an jefa tarago cikin kwata, datti ko'ina ba tare da dalili ba, kuma tsohon ma'aikacin jirgi zai gane da kallo ɗaya.

Aristotal, almajirin Aflatun, ya ɗauki wata hanya a littafinsa kan waƙa da wasan kwaikwayo, littafin da Ibn Sina da Ibn Rushd suka yi wa sharhi daga baya. Ya ce kwaikwayo ɗabi'a ce da ɗan Adam ke tasowa da ita tun yana yaro, da ita yake fara koyo. Yaran da ke ƙera mota da karan dawa ko gwangwani shaida ne a kan haka. Ya kuma lura cewa mutane suna jin daɗin kallon hoton abin da ba sa son gani a fili, kamar gawa, in an zana shi da kyau, saboda daɗin ganewa. Wannan ya bayyana abin da ya sa mutumin da zai toshe hanci a bayan tasha zai tsaya minti goma yana kallon bayan tasha na kwaikwayo. Abu na uku da ya faɗa shi ne mai tarihi yana ba da labarin abin da ya faru, mai waƙa kuwa yana ba da labarin irin abin da kan faru, don haka aikin na biyu ya fi kusa da falsafa. Taragon da aka tsufar ba lallai ya zama hoton wani tarago guda mai lamba kaza ba. Yana nuna abin da kan sami kowane tarago in ya sha ruwa da rana da kwal. Sabo fil yana nuna rana ɗaya ce kawai daga rayuwar tarago, ranar da ya bar masana'anta. Tsohon yana nuna sauran dubban ranakun.

Shin yaudara ce?

Akwai tuhuma ta biyu, ta fuskar ɗa'a. John Ruskin, marubucin Ingila, ya rubuta a 1849 cewa darajar gini tana cikin shekarunsa, kuma mai da tsohon gini sabo da sunan gyara ƙarya ce, domin ana shafe aikin hannun waɗanda suka mutu. Wannan ra'ayi ne ya kai William Morris ga kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. A 1903 Alois Riegl, masanin tarihin zane a Biyana, ya bambanta darajar tsufa da darajar sabunta, ya nuna cewa mutumin zamani ya fara ganin kyau a alamun shuɗewar lokaci kansu. To in tsufa yana da daraja saboda lokaci ne ya yi shi, wanda ya yi shi da buroshi a yammaci ɗaya bai saci abin da ba nasa ba? Attajiran Ingila na ƙarni na 18 sun gina kangon ganuwa sabo a lambunansu don ƙawa, kamar wanda Sanderson Miller ya tsara a Hagley a shekarun 1740, kuma an daɗe ana yi wa irin wannan dariya.

Ruskin da kansa ya ba da ma'aunin warware wannan. Ya soki fentin katako don ya yi kama da marmara, amma bai ɗauki shafa ruwan zinariya a gini a matsayin yaudara ba, saboda babu wanda ke zaton ginin zinariya ne tsantsa. Yaudara tana faruwa ne in ana son mai kallo ya gaskata abin da ba haka ba. Babu wanda ya taɓa kallon tarago mai tsawon yatsa ya ɗauka ya yi dakon kwal. Ƙanƙantarsa ta riga ta sanar da cewa kwatance ne.

Shari'ar Musulunci ta ajiye iyakar a wuri ɗaya. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshe. Laifin shi ne ɓoye haƙiƙar kaya ga mai saye. Garin alli da gishirin da magini ke amfani da su, su ne mai jabun kayan tarihi ke amfani da su don ya sayar da sabuwar tukunya da kuɗin ta shekara ɗari biyar. Hannun ɗaya ne, dabarar ɗaya ce. Na farko yana cewa ga yadda tsufa yake, na biyu yana cewa wannan tsoho ne. Maganar farko gaskiya ce, ta biyu algus ne.

Pendon da nauyin zaɓi

Kuɓuta daga zargin yaudara bai sauke wa magini dukkan nauyi ba. Roye England ɗan Ostareliya ne da ya zo Ingila a 1925, ya zauna a yankin da ake kira Kwarin Farin Doki. Ya ga ana rushe tsofaffin gidajen ƙauye, ana cire rufin ciyawa ana sa na zamani, sai ya shiga auna su yana ɗaukar hotonsu yana rubuta launin bangonsu. A 1931 ya fara gina samfurinsa na farko da kwali, a 1954 kuma ya kafa abin da ya zama gidan tarihi na Pendon a ƙauyen Long Wittenham. Salon gidan shi ne a zana layin bulo a jikin kwali, a yi wa kowane bulo fentin ruwa shi kaɗai, a yi rufin ciyawa da zaren rama. Gida ɗaya kan ci watanni masu yawa. England ya rasu a 1995, masu aikin sa kai suka ci gaba. Ƙauyen da ke tsakiyar shimfiɗar dogon gidan, Pendon Parva, bai taɓa wanzuwa ba, amma gidajen cikinsa an ɗauko su ne daga ƙauyuka na gaske, an jera su yadda yankin yake a shekarun 1920 da 1930, jiragen kamfanin Great Western suna ratsawa. Wasu daga cikin gidajen yanzu babu su ko an canza su, sai a nan ake ganin kamanninsu na da.

Wannan hidima ce ga tarihi. Amma ido yana iya ɗaukar darasin da ba shi ne ba. Rufin da ya lotsa da bangon da ya tsage suna da kyau a ma'aunin 76. Ga iyalin leburan gona da ke ciki, ɗigon ruwa ne da sanyi da tari. Samfuri ba ya wari, ba ya yoyo, ba ya jin yunwa. Hakan ya shafi shimfiɗun Amurka masu nuna unguwannin talakawa na shekarun karayar tattalin arziki, inda kowane bango ya yi baƙi, kowace taga ta fashe. Tsufa in ya yi yawa yakan zama ado, kuma duniyar da komai nata ya lalace ƙarya ce daidai da wadda komai nata sabo ne. A kowace tasha ta gaske akwai taragon da aka yi wa fenti makon jiya kusa da wanda ya shekara goma bai ga buroshi ba. Mai gaskiya yakan sa duka biyun.

Hukuncin sura

Ga Musulmi akwai tambaya ta daban, ta halaccin yin sura. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisai masu tsoratarwa a kan masu yin surar abu mai rai. Sun kuma ruwaito cewa wani mutum ya gaya wa Abdullahi ɗan Abbas cewa da yin sura yake ci, sai ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa in ba makawa ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Bisa wannan, dutse da kogi da gada da gida da jirgi ba su shiga hanin ba, kuma su ne kusan dukkan aikin. Inda magana take shi ne 'yan mutum-mutumin fasinjoji da shanu da dawakai da ake jerawa. Malaman Malikiyya sun haramta surar mai rai in tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, sun sassauta a kan zanen da ke shafe a bango ko takarda, sun kuma keɓe 'yartsanar yara mata saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Waɗannan ƙananan surori suna da jiki kuma cikakku ne, don haka mai bin wannan mazhaba yana da dalilin barinsu.

Barin nasu bai rage wa aikin rai ba, kuma a nan sanya tsufa yake nuna amfaninsa. Ƙofa a buɗe, shanya a kan igiya, keke jingine da bango, turbar da ƙafa ta kashe wa ciyawa, matakalar da tsakiyarta ta goge, duk suna shaida cewa akwai mutane ba tare da an sassaƙa ko ɗaya ba. Wasu gwanaye da ba ruwansu da wannan hukunci ma sukan rage surori, saboda mutumin roba da ya ɗaga ƙafa zai yi gudu amma ya daskare a haka yana ɓata kamannin gaskiya da jirgi mai motsi ya gina.

Lokacin da aka tsayar

Kowace shimfiɗa tana tsayar da lokaci a wuri ɗaya. A Pendon bazara ba ta ƙarewa. A Miniatur Wunderland na Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, fitilu suna kawo dare da rana duk bayan minti 15, amma gobe ba ta zuwa. Tsatsar da aka zana ba ta ci gaba da ci. Ana iya cewa magini yana son ya mallaki lalacewa ne, ya sa ta a inda yake so, ya hana ta wuce nan. Alƙur'ani ya maimaita cewa wannan ba ya hannun ɗan Adam. Aya ta 45 a Suratul Kahfi ta kwatanta rayuwar duniya da tsiron da ruwa ya raya sannan ya bushe iska ta watsa shi, aya ta 26 da ta 27 a Suratur Rahman kuma sun keɓe wanzuwa ga Allah shi kaɗai.

Samfurin ma yana ƙarƙashin wannan hukunci. Ƙura ta gaske tana sauka a kan ta ƙarya, hasken rana yana koɗar da ciyawar, gam yana saki, katako yana lanƙwasa, dole a riƙa goge saman dogo ko lantarki ya daina ratsawa. John Allen ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana 10 gobara ta tashi a gidan ta cinye mafi yawan layin da ya shafe kusan shekara 20 yana ginawa. Abin da ya rage shi ne hotuna da 'yan kayan da aka tsamo.

Da wannan ake iya amsa tambayar farko. Gaskiyar kwatance ba ta rataya a kan kayan da aka yi shi da su ba, tunda roba ce da filasta da fenti, ba ta kuma rataya a kan cikar ma'auni ba, tunda babu mai cika shi. Tana rataye ne a kan sharuɗɗa uku: kowace alama ta bi sababinta yadda yake a duniya, kada a sayar da kwatance da sunan asali, kuma kada a zaɓi abin da ke faranta ido a ɓoye abin da ya wahalar da mutanen wurin. Tsatsar da ta cika waɗannan sharuɗɗa ta fi sabon fenti gaskiya, domin ta faɗi abin da sabon fenti ya yi shiru a kansa, wato duk abin da aka ƙera yana aiki, yana gajiya, yana ƙarewa. Wadda ta saɓa musu kuwa datti ne kawai, ko da hannun gwani ne ya shafa ta.